Zauren Tambaya: Rafinmu na ƙafewa, wa za mu kama?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka taru mana daga jihar Gombe kusan duk maganar ruwa ce, na tsinci biyar a ciki. Ta farkon zata ɗan ja mu da tsawo, sai a yi haƙuri.

Tambaya: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni manomin rani ne a wani ƙauye a ƙasar Yamaltu-Deba, muna da rafi da yake gangarawa kogin Gongola ta saman dam ɗin Dadin Kowa, tun muna yara ruwa yana kaiwa wajen watan uku, wato Maris, a cikinsa, ko ya ƙafe ka tona yashi kamu ɗaya zaka tarar da ruwa, toh yanzu wallahi kafin sabuwar shekara ya bushe ƙayau, da damina kuma ya zo da ƙarfi ja wur yana cin gaɓa har ya cinye ma wasu rabin gona. Mu matasa mun yi ƙungiya mun dasa itatuwa awaki sun cinye, ga tifofi kullum suna kwasar yashi, mutanen ƙauyen da ke samanmu kuma sun sare kurmin da ke kan rafin suna gawayi, in mun yi magana suce dajinsu ne ina ruwanmu. Yanzu wasu cikinmu sun ce kawai mu tare hanya mu hana tifa shiga. Dan Allah meye shawara?
Daga wani manomi, Yamaltu-Deba.

Amsa: Ɗan uwa sannu da ƙoƙari, kuma dan Allah kar ku tare hanyar nan. Ranar da kuka tare, magana ta tashi daga kan rafi ta koma wajen 'yan sanda, kuma masu lodin yashin nan in ka duba da kyau ƙannenku ne da yaran maƙwabtanku, da shi suke cin abinci, zaku wayi gari ƙauyen ya rabu biyu rafi kuma yana nan yadda yake.

Bari mu fara da abin da ke faruwa da ruwan kansa. Bushewa da wuri da ambaliyar damina ciwo ɗaya ne. In ruwan sama ya sauka a ƙasa mai itace da ciyawa da busassun ganye, yana tsayawa ya nutse, sai ya riƙa tsattsafowa cikin rafi a hankali wata da watanni bayan damina ta ɗauke, wannan shine ruwan da kuke gani har watan uku kuna yara. In kuwa an sare an ƙone an bar ƙasa tsirara, ruwan baya samun abin da zai riƙe shi, duk wanda ya kamata ya zo muku cikin wata huɗu sai ya zo a dare ɗaya, ya kwaso ƙasar gonakin sama, shi yasa kake ganinsa ja. Yashin kuma shine randar rafin, yashi mai tsakuwa yana iya ɓoye ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku na yawansa kuma rana bata shanye shi kamar na fili. Duk tifar da ta fita ta rage ma'ajiyar, cikin rafin ya ƙara zurfi, ruwan da ke ƙarƙashin fadamarku ya bi shi ya sauka, rijiyoyin da kuke sa ma inji su fara jan iska, gaɓa kuma ta rasa abin da ya tokare ta sai ta rufta.

Ƙasar da ta bar gonakinku kuma ba ɓacewa take ba, Gongola take shiga, inda ruwa ya lafa ta kwanta, wato cikin dam ɗin Dadin Kowa. Dam ɗin nan da aka gama a 1984 shi ke shayar da garin Gombe, shi ke ba masu shinkafa ruwan rani, ga tashar lantarki mai megawat 40 a jikinsa, laka kuma tana rage masa ciki a hankali ba tare da kowa ya gani ba. Gongola tun daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya zagayo ta Nafada, ya wuce har Numan inda ya faɗa Binuwai. Kaga kenan yadda kuke kuka da ƙauyen sama, haka akwai wanda ke ƙasanku da maganin feshinku da takinku ke zuwar masa a ruwan sha. Ku riƙe wannan a zuciya lokacin da zaku je wajen mutanen saman, zai rage muku zafin baki.

Don zuwa wajensu ya zama dole. A nawa ganin kuskuren ƙungiyarku ɗaya ne, kun kafa ta a kan iyakar ƙauye, alhali ruwa bai san iyakar dagaci ba. Ƙungiyar rafi sai ta ƙunshi duk wanda ruwan gonarsa ko dajinsa ke gangarowa cikin rafin nan, tun daga kansa har inda ya haɗu da kogi. Ku samu dagacinku ku roƙe shi ya kai maganar gaban hakimi, in ƙauyukan biyu ƙarƙashin hakimi ɗaya suke abin ya zo da sauƙi, in ba haka ba hakiman biyu su yi magana. Amma kafin takardar kira ta isa, ku ɗauki dattawa biyu uku masu surukai ko dangi a can ku je gaisuwa da goronku, kar ku fara da maganar wa ya sare me. Ku roƙi abu ɗaya tak, a sa rana a taka rafin tare da ƙafa daga sama har ƙasa, su ga gonakinku da suka rufta, ku ma ku ga dalilin da yasa suke gawayi, galibi zaku tarar ba su da wata sana'ar rani kamar yadda ku kuke da fadama. A tafiyar a gayyato Arɗo da sarkin noma da sarkin ruwa in kuna da shi, da liman da fasto, da shugaban 'yan lodin yashi, da mata, kuma ina nufin mata su zo da bakinsu, su suka san wace rijiya ce ke fara ƙafewa da watan da take ƙafewa, su ke zuwa itace.

Sai tambayar da in baku amsa ta ba komai zai rushe, me na sama zai samu in ya bar kurmin? Mutum bazai bar kuɗin gawayi don tumatirinka ya yi kyau ba. Ku yi tunani tun kafin zama, ko ku basu aron wani yanki na fadama da rani, ko dashen mangwaro da gwaiba da kashu ya fara daga gonakinsu, ko kuɗin da za a karɓa a kan yashi a fara gyara musu rijiya da shi.

Shi yashin ba sai an hana gaba ɗaya ba, gari na gini, hanawar ma bazata ɗore ba. A ware wuri, a cikin kwana inda ruwa da kansa yake tara yashi duk shekara, a hana taɓa gindin gaɓa da kusa da gada da kusa da rijiyoyi, a hana tona har a kai ga laka, kowace tifa ta ajiye wani abu a asusun rafi da rasit, ma'aji daga ƙauye ɗaya sakatare daga ɗayan, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Dokokin kar su yi yawa, uku ko huɗu da kowa zai iya haddacewa, hakimi ya sa hannu, a kai kwafi ƙaramar hukuma. Kuma doka ta fara hawa kanku, ku da kuke noma har bakin ruwa ku ja baya ku bar 'yan taku a gaɓa ba garma, a dasa jema da gamba da gora, saiwar jema tana nutsewa ƙasa sosai tana ɗinke gaɓa. In na sama suka ga kun sadaukar da kunya biyu uku na gonarku, maganarku zata yi nauyi.

Itatuwan da awaki suka cinye kuma, itacen kowa da kowa ba mai ba shi ruwa. Kowane dashe a ba shi mai shi da suna, ya kewaye shi da ƙaya, amfanin ma nasa ne, a dasa da damina ta zauna sosai. Kar ku sa itacen turare a kan idon ruwa, shan ruwa gare shi, ɓaure da kanya da ɗinya da giginya sun fi dacewa da bakin rafi. Wanda ma ya fi dashe sauƙi shine abin da manoman Maraɗi da Damagaram suke yi tun shekarun 1980, suna ce masa sassaben zamani, kututturen da aka sare in ya yi toho baka ƙone shi ba, ka zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi ka bari ka rage sauran, tunda saiwarsa tsohuwa ce girmansa ya fi na sabon dashe sauri nesa ba kusa ba. Da wannan dabarar aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Kurmin da aka sare muku kututturansa na nan da rai, in aka huta masa shekara kaɗan zaku sha mamaki.

In kun haɗu kun yi rajista, sannan ku nemi gwamnati. Akwai shirin dashen itatuwa na jiha da ake kira 3G tun 2019, akwai kuma ACReSAL, shirin da Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, aikinsa kenan gyaran ƙasa da magangarar ruwa, kuma ƙauyuka biyu da suka zo da yarjejeniya a rubuce sun fi mai zuwa shi kaɗai samun kunne. Irin wannan zaman an yi shi a babba ma, bayan dam ɗin Tiga da na Challawa sun canza tafiyar ruwa ciyawar kachalla ta toshe hanyoyinsa a fadamun Haɗeja da Nguru, sai da jihohi shida, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka haɗu a 2006 suka kafa asusu ɗaya na kula da kogunan. Ka gaya ma abokanka su shirya haƙuri, gaɓa zata iya daina ruftawa cikin damina biyu uku, amma dawowar ruwan rani yana ɗaukar shekaru.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni uwa ce a cikin garin Gombe, bayan gidanmu kwari ne kuma duk unguwa nan ake zubar da shara, wasu ma cewa suke shara tana cike kwarin ta hana shi ci. Rijiyarmu da damina sai ta canza launi har da ɗan wari, yarana kuma basa rabuwa da gudawa, ina sa alif ruwan ya kwanta amma abin bai daina ba. Kuɗin tanka ya fi ƙarfinmu. Ya zan yi, kuma ya zan shawo kan maƙwabta ba tare da an yi faɗa ba?
Daga wata uwa, Gombe.

Amsa: Hajiya Allah ya ba yaran lafiya. Fara da na gaggawa, alif laka kawai yake kwantarwa, baya kashe ƙwayar cuta, ruwa zai yi garau kuma ciwon na ciki. Na sha ki tafasa shi ko ki sa kulorin na ruwan sha daidai yadda aka rubuta a jikinsa ki bari ya yi rabin awa, ki ajiye a abu mai murfi da moɗa ɗaya. Yaro in ya fara gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da zinc, in gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa ko yana amai ba tsayawa a tafi asibiti a take ko tsakar dare ne. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu ɗari a ƙasar nan, maƙwabciyarmu Bauchi na cikin jihohin da suka fi jin jiki, ba abin wasa bane.

Rijiyar da ke canza launi da damina alama ce ruwan sama na shiga ta baki ko ta gefe, ko kuma masai na kusa. Ƙa'ida ana son tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, na san a filayen cikin gari da wuya a samu haka, kuma masan da ke ɓata miki ruwa zai iya zama na maƙwabci ne ta bayan katanga. Ki sa a ɗaga bakin rijiyar a yi mata daɓen siminti kewaye da murfi, guga ɗaya a rataye shi kar ya kwana a ƙasa.

Maganar shara na cike kwari kuma ba gaskiya bace. Gombe a kwari take zaune, ruwa daga tudun yamma yake gangarowa ya ratsa gari, ƙasar kuma mai yashi ce bata da riƙo. Shara bata da saiwa, ruwan farko mai ƙarfi zai kwashe ta ya kai kwalbatin da ke gaba, leda da robar fiya wata su toshe shi, ruwa ya nemi hanya ta gidajen mutane. Manya basu manta ambaliyar watan Agusta na 2004 ba. Sharar da bata tafi ba kuma ta ruɓe a wurin, ruwanta ya nutse ya sadu da wanda kuke ja a rijiya.

Maƙwabta kuwa, kar ki ce musu ku daina, ba wanda ke son zuba shara a bayan gidansa, wurin kaiwa ne babu. Ki fara da matan layinku, irin zaman da ake yi na adashe ko walima, kowane gida ya riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk mako a ɗauki yaro mai kura yana kwashewa zuwa inda motar shara ke tsayawa, in tsarin ya kama ƙafa sai mazajenku su je da mai unguwa a roƙi hukumar tsaftar muhalli ta jiha ta ajiye muku mazubi, liman ya taɓo maganar bayan sallah. Kuma tunda kin ce tanka ta yi tsada, ga ruwa a kan rufinki. Kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 in aka yi ruwan milimita 20 kawai yana zubo da lita 2,000, jarka 80 kenan mai lita 25. Ki bar na farko ya wanke kwanon sannan ki tara. In gidaje da yawa suna tarewa, ruwan da ke afkawa kwarin ma ya ragu. Kwarin da ya riga ya fi tsayin gida dai ya fi ƙarfin gayya, wannan aikin injiniyoyi ne irin wanda aka yi a kwarin jami'ar jiha, ku rubuta a ƙungiyance ku yi ta bibiya.

Tambaya: Malam ni ɗan makiyaya ne a ƙasar Dukku. Tafki ɗaya muke sha da mutanen gari, bana an shinge hanyar da shanu ke bi an yi lambu, wai shanu na ɓata ruwa. Toh mu ina zamu kai su?
Daga wani matashi, Dukku.

Amsa: Ɗana kana da gaskiya, suma suna da tasu. Ƙasar Dukku da Kwami da wani yanki na Akko ruwan ƙasa na da nisa ƙwarai, burtsatse ma sai an yi zurfi mai tsada, shi yasa tafki ɗaya yake zama ran kowa. Hadisi ya zo a Abu Dawud cewa Musulmi abokan tarayya ne a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, don haka toshe mashaya zalunci ne ko wa ya yi. Amma shanu in suka shiga tsakiyar ruwa suna kashi da fitsari suna dama laka, matar da zata ɗiba ta dafa ma yaranta ita ma an cuce ta.

Kar ku karya shingen. Babanka da Arɗo su je wajen dagaci da tayi a hannu, a raba tafkin gefe biyu, gefen shanu a zuba duwatsu a gangaren yadda zasu sha daga baki ba sai sun kutsa ba, ko a gina kwami a waje a riƙa ja musu, gefen mutane a kewaye shi da ƙaya. A sake fitar da burtalin a gaban kowa a kafa alama da itace mai rai irin su aduwa ko cediya, wanda ba a tugewa da dare. Kuma ku ce zaku shiga gayyar yashe tafkin in ya ja baya da bazara, da ku da shanun huɗa da amalanke, lakar da aka kwaso taki ce masu lambun zasu so ta. Wanda ya zuba guminsa a tafki da wuya a ce masa baƙo. In kun ga yara na fitsarin jini, tsargiya ce, daga irin wannan ruwan kwance ake ɗaukarta, akwai maganinta a asibiti, a kuma hana fitsari da bahaya a bakin ruwan daga ɓangarorin biyu.

Tambaya: Malam wasu na zuba gamalin a gurbi su kwashi kifi, suna cewa in an soya dafin ya mutu. Haka ne?
Daga wani ɗalibi, Dadin Kowa.

Amsa: Ƙarya ne ƙanina. Gamalin maganin ƙwari ne, gubar da ke cikinsa bata mutuwa da suya, tana taruwa a kitsen kifi da jikin wanda ya ci, tana taɓa jijiya da hanta, tun 2009 aka sa ta cikin sinadaran da duniya ta yarda a daina. Kuma bata zaɓe, da 'ya'yan kifi da ƙwai duk take kashewa, ta gangara inda ake shayar da dabbobi. Kar ka tunkare su kai kaɗai, ka kai maganar ga sarkin ruwa da ƙungiyar masunta, su abin ya fi shafa don su zasu rasa kamun baɗi, kuma masu sayen kifi in suka haɗa baki suka ƙi karɓar irin wannan kifin, sana'ar ta mutu.

Tambaya: Yaranmu haƙoransu na yin ja kamar masu cin goro, ance daga ruwa ne. In muna tafasawa zai daina?
Daga wata malamar makaranta, Kaltungo.

Amsa: Malama tafasawa bata maganin wannan, tana ma ɗan ƙara shi tunda ruwa ke tafiya a tururi sinadarin ya zauna. Wani sinadari ne da ake kira fulorayid, daga duwatsun yankin yake narkewa cikin ruwan ƙasa, kuma bincike ya nuna yana da yawa a wasu rijiyoyin Kaltungo. Hukumar lafiya ta duniya ta sa iyakarsa miligiram 1.5 a lita. Abin lura shine ba duk rijiya bace, wata na da shi wata a unguwa ta gaba babu. Ku haɗu ta ƙungiyar iyaye da malamai ku nemi a gwada duk rijiyoyi da burtsatsen garin, a shafa fenti a waɗanda suka wuce iyaka a bar su ma wanki da wanka, masu kyau a keɓe su ma sha da girki, musamman na yara 'yan ƙasa da shekara takwas da haƙoransu ke kan fitowa, da damina kuma a tara musu ruwan sama.